Madubin Hangen Nesa da Jinjirin Wata a Ƙasar Mainika

Ranar da watan Sha'aban ya cika kwana 29, tun kafin ladan ya kira Magariba, al'adar garuruwan yammacin Kano ce mutane su fita bayan gari, waɗansu su tsaya a filin idi, waɗansu su hau tudun da babu kuka ko ɗorawa a gabansa, kowa ya ɗaga kai yana laluben gefen da rana ta faɗi, ko Allah ya sa ya zama shi ne zai fara cewa ga shi can. Mainika, wadda take ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Gwarzo tare da Getso da Kutama da Lakwaya da sauransu, a maƙwabtaka da ƙasar Kabo, ba ta fita daga wannan al'ada ba; kuma hanyar da labari yake bi sananniya ce, domin wanda ya gani yakan gaya wa mai unguwa ko dagaci, dagaci ya kai ga hakimi, hakimi ya kai fada, daga nan a isar wa Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda tun da ya hau gadon sarauta a 2006 daga bakinsa jama'ar ƙasar nan suke jiran sanarwar ɗaukar azumi da ajiye shi. Abin da ya ƙaru a zamanin nan shi ne, a cikin masu tsayuwar nan ba a rasa mutum ɗaya ko biyu da madubin hangen nesa rataye a wuya, wani tsarabar Makka ce, wani gadon tsohon soja ne, wani kuwa a kasuwar Sabon Gari aka saye shi jiya jiya. Kuma sau da yawa mai madubin shi ne na ƙarshe da yake ganin watan, alhali yara masu kaifin ido sun riga sun nuna shi da yatsa.

Dalilin wannan abin mamaki ba ya wuce yadda ake sayen madubin. Mai saye ya isa gaban tebur, mai sayarwa ya ɗauko masa wanda aka rubuta wa lamba mafi girma, ya ce, "Alhaji, wannan na soja ne, daga nan sai ka ƙirga tagogin bene a Bata," Alhaji kuwa ya kafa ido, ya ga allon wani kanti ya taso masa har gaban hanci, ya biya, ya tafi yana murna. Ba a yi masa ƙarya dukka ba, amma an gwada masa kayan da tsakar rana, a kan abu mai kauri da launi, shi kuwa aikin da zai sa shi aikin almuru ne, a kan abin da bai fi zare kauri ba.

Lambobi biyu ake rubutawa a jikin kowane madubi, kamar 7x50 ko 8x42 ko 10x25, kuma wanda ya fahimce su ya fahimci rabin sha'anin. Ta farko tana faɗin sau nawa yake jawo abu kusa, watau idan ta ce 8, saniyar da take nisan mita 800 za ta bayyana kamar tana mita 100. Ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ce da milimita, kuma ita ce mutane suka fi rainawa alhali ita ce ƙofar haske, domin gwargwadon faɗin gilashin nan gwargwadon hasken da zai tara ya kai wa ido. Idan aka raba ta biyu da ta farko, abin da ya fita shi ne faɗin ɗigon hasken da yake fitowa ta gilashin baya ya shiga ido: a 7x50 ya ɗan haura milimita 7, a 8x42 ya ɗan haura 5, a 10x50 biyar cif, a 10x25 kuwa biyu da rabi kacal. To, ƙofar da take tsakiyar baƙin idon ɗan Adam, wadda Mahalicci ya hore mata tsukewa da buɗewa, da rana takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3, da duhu kuwa ta buɗe har wajen 7 ga saurayi, sa'an nan tana raguwa da shekaru har ta tsaya wajen 5 ga dattijo. Da hantsi, ƙaramin madubin aljihu da babban 7x50 kusan haske ɗaya za su ba ka, tun da idon da kansa ya tsuke. Amma da zarar rana ta faɗi ido ya buɗe yana neman ƙari, sai ƙaramin ya gaza, ya mayar da shafaƙi duhu tun lokacinsa bai yi ba. Nan kuma akwai wata nukuta da ta shafi dattawa, waɗanda galibi su ne masu kuɗin saye: mutumin da ya ba hamsin baya, idonsa ba zai iya karɓar dukkan hasken 7x50 ba, saboda haka 8x42 ko 10x50 sun ishe shi, kuma 8x42 ya fi sauƙin ɗauka, domin 7x50 yakan kai kilo guda, shi kuwa 8x42 bai cika wuce giram 800 ba.

Amma jawowa mai yawa, wadda ita ce abin alfaharin masu tebur, tana da haraji uku da take karɓa ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Na farko rawar hannu, domin madubin da ya ninka abu sau 20 ya ninka karkarwar hannu da bugun zuciya sau 20, har abin da ake kallo ya riƙa tsalle. Ƙwararru sun daidaita a kan cewa abin da ya wuce 10, ko 12 ga mai ƙarfin dantse, sai an ɗora shi a kan ƙafafu. Na biyu ƙuncin fili, domin 7x50 yakan nuna yanki na sama mai faɗin daraja 7 ko kusa da haka, alhali wata dukkansa rabin daraja ne, watau kana da sararin da za ka yi lalube a cikinsa, shi kuwa mai jawowa 20 bai fi daraja 3 ba, sai mutum ya yi ta shara a sama yana wuce watan bai sani ba. Na uku kuwa namu ne na ƙasar nan: iska ba fanko ba ce. Da bazara, idan ƙasa ta ɗauki zafi tana hucin da yake haifar da kawalwalniya, da hunturu kuma idan hazon da iskar arewa maso gabas take kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ya rufe gari, madubi ba ya huda su, ninka su yake yi. Waɗanda aka rubuta wa 60x90 ko 100x180 a jikin abin da bai fi tafin hannu ba, wannan rubutu ne kawai na neman kasuwa, kuma duk mai awon tela zai iya auna gilashin gaban ya gani. Haka kuma masu ɗan hannu da ake turawa a ƙara jawowa ko a rage, galibinsu filinsu ƙunci ne, kuma su ne masu saurin kwancewa.

Ilmin da aka gina wannan sana'a a kansa ba baƙo ba ne ga almajiran ilmi. Alhasan ɗan Haisam, haifaffen Basra wajen 965 wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ne a cikin Kitabul Manaziri ya kafa hujja da gwaji cewa gani yana samuwa ne da hasken da yake tasowa daga abu ya shiga ido, ba wani haske da ido yake harbawa ba kamar yadda waɗansu hukama'un Yunan suka ɗauka. An ɗauki ƙarnuka kafin wani mai yin tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi hukuma ta ba shi haƙƙin ƙirar madubin hangen nesa a 1608, hukumar kuwa ta nemi ya yi mata mai ido biyu. A 1609 Galileo ya ƙera nasa a Italiya, ba da jimawa ba ya juya shi sama. Wahalar da ta rage ita ce gilashin da ya fi nuna fili yakan kifar da sura, kai ƙasa ƙafa sama, sai a 1854 wani Ba'italiye, Ignazio Porro, ya yi rajistar dabarar sa dunƙulen gilashi masu kusurwa a ciki, su naɗe hanyar haske su miƙar da surar, kamfanin Carl Zeiss na birnin Jena a Jamus kuma ya fara sayar da irin wanda muka sani a 1894. Har yau ƙira biyu ce a kasuwa: mai kafaɗa, wanda gilasan gabansa suka fi na baya tazara, shi ne na Porro, da miƙaƙƙe siriri, wanda ya fi kyan gani da sauƙin toshewa daga ruwa da ƙura, amma ƙirarsa ta fi tsada idan ana son ta yi kyau. Ra'ayina a nan a fili yake: mai kuɗi kaɗan ya sayi mai kafaɗa, domin a farashi ɗaya shi ya fi haske da tsabtar sura, miƙaƙƙe mai araha kuwa kwalliya ce aka biya.

Mu koma ga watan, tun da shi ne mafi wuyar abin da za a nema da wannan alat. Tsakanin haihuwar wata da haihuwar na bayansa kwana 29 ne da rabi da 'yan mintoci, kuma a kowace rana yana nisantar rana da daraja 12 ko fiye kaɗan. Masu hisabi sun lura cewa muddin tazararsa da rana ba ta kai wajen daraja 7 ba babu jinjirin da ido zai riska, kuma mafi ƙanƙantar watan da aka tabbatar an gani da ido tsura yana da awa 15 da rabi da haihuwa, wanda aka gani da babban madubi kuwa, a ƙasar Iran cikin 2002, bai cika awa 12 ba. A ƙasa irin tamu, da ba ta da nisa da tsakiyar duniya, rana tsaye take faɗuwa kuma duhu ba ya jinkiri, saboda haka jinjirin daren farko yakan ba mutum minti talatin ko arba'in ne kafin ya bi rana, a kwance, ƙahoninsa suna duban sama kamar ɓarin ƙwarya. Wanda ya san aikin yakan lura da daidai inda rana ta nutse, ya sa alama da wata bishiya ko tudu, ya jira har ƙwallon ranar ya ɓace sarai, sa'an nan ya daidaita madubinsa a kan abu mafi nisa da yake iya gani, ya miƙa hannu ya auna dunƙulen hannu ɗaya sama da gefen ƙasa, wanda shi ne kimanin daraja 10, ya riƙa shara a hankali dama da hagu, gwiwar hannunsa tana jingine a kan katanga ko bayan mota. Jiran nan na faɗuwar rana ba ladabi ba ne kawai, wajibi ne, domin gilashin milimita 50 yana tara hasken da ya ninka na ido wajen sau 50, kuma duban rana da shi na ƙiftawa ɗaya yana iya ƙona ido ƙunar da ba ta da magani. Wannan ya isa dalilin da zai hana a bar shi a hannun yara da rana.

Madubi kuma yana da nasa ruɗin. Zara matar wata, idan ta kusato ƙasa, ita ma takan zama lauje ƙarami a cikin madubi mai jawowa 10, wanda bai sani ba sai ya rantse wata ya gani. Guntun hayaƙin jirgin sama da hasken shafaƙi ya taɓa, da siririn girgije, duk sun sha yaudarar mutanen kirki. Malamanmu na mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halilu, sun tsayar da shigar wata a kan cikar kwana talatin, ko shaidar adalai biyu, ko ganin jama'a mai yawa da ba zai yiwu su haɗu a kan ƙarya ba. Malaman zamani da dama kuma, cikinsu har da majalisar manyan malaman Saudiyya, sun halatta a nemi taimakon madubi, tun da ido ne dai yake ganin, gilashi bai ƙirƙiro kome ba. Hukuncin karɓar shaida na alƙalai da kwamitin fada ne. Abin da na ga ya fi zama lafiya ga mai madubi shi ne ya mai da shi ɗan jagora: idan ya samu watan a ciki, ya sauke, ya nuna wa na kusa da shi wurin, su nema da idonsu, domin sau da yawa ido yakan ga abin da ya kasa gani da zarar an gaya masa inda zai duba. Buƙatar wannan kuwa ƙaruwa za ta yi, saboda azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2025 an ɗauke shi ranar 1 ga Maris, a 2030 zai kama cikin Janairu, watau a waɗannan shekarun galibi a cikin hazo za a riƙa neman jinjirin Ramadan da na Shawwal.

Ba don wata kaɗai ake sayensa ba, ko da yake sauran ayyukan sun fi sauƙin sharaɗi. Makiyayi da yake son ya san ko garken da ya hango a gefen fadama nasa ne, da manomin da yake tsaron gero da dawa daga jan-baki idan kaka ta gabato, da mai zuwa bakin ruwa a Guzuguzu ko Magaga ko Pada, ko babbar madatsar Challawa ta ƙasar Ƙaraye da aka gama a 1992, don ya kalli zalɓe da belbela da kirinjijiya da baƙin tsuntsayen da suke ƙetaro Sahara daga Turai da hunturu, duk waɗannan 8x42 ya ishe su, mai yawan tafiya a ƙasa ma 8x30 ya fi masa, domin madubin da nauyinsa ya sa aka bar shi a gida ba shi da amfani. Da dare kuwa, idan sama ta yi garau bayan ruwa, ko ƙaramin cikinsu zai nuna cewa kaza da 'ya'yanta sun fi shida ko bakwai ɗin da ido yake ƙirgawa nesa ba kusa ba.

Gwajin kasuwa ba ya cin minti biyar, kuma mai sayarwa na gaskiya ba zai hana ba. A fara da riƙe madubin nesa da fuska, a fuskanci sama mai haske, a dubi ɗigon hasken nan a gilashin baya: idan kewayayye ne sarai, gilashin cikin mai kyau ne, irin wanda ake rubuta wa BaK-4, idan gefunansa sun yi inuwa mai kusurwa huɗu, mai rahusa ne. Sa'an nan a juya shi a leƙa ta gaba, a nemi ƙura ko tsaga ko farin zaren fumfuna, musamman a kayan gwanjo, domin tsofaffin na Rasha da na Jamus ta Gabas da ake samu jefi jefi gilashinsu nagari ne ƙwarai, amma damina da yawa ta wuce a kansu. A dubi launin gilashin gaba: shafin da ake yi masa don kada haske ya tarwatse yakan ba da ɗan kore ko shuɗi mai duhu, kuma amfaninsa babba ne, tun da kowace fuskar gilashi marar shafi tana zubar da wajen kashi 4 cikin ɗari na haske, ga shi kuwa fuskokin suna da yawa a ciki, amma jan nan mai walƙiya da ake cewa na ganin dare ne, haske yake korewa, kuma babu madubi irin wannan da yake gani a cikin duhu. A girgiza shi kusa da kunne, kada a ji motsi. Mafi muhimmanci duka, a nemi abu miƙaƙƙe mai nisa, wayar lantarki ko hasumiyar masallaci, a daidaita, sa'an nan a janye madubin daga ido sannu sannu ana ci gaba da kallo. Idan layin ya karye, na dama ya hau na hagu ya sauka, to bututun biyu ba sa duban wuri ɗaya, kuma wannan shi ne madubin da yake sa ciwon kai da jiri bayan minti goma, har mutum ya zaci idonsa ne ya lalace. Mai sa tabarau ya gwada da tabaransa a fuska, ya naɗe robar bakin ko ya murɗa ta ƙasa, ya tabbata yana ganin filin dukka. Mutane da yawa kuma ba su san amfanin zoben da yake gilashin dama ba: a rufe gaban dama da tafin hannu a daidaita idon hagu da abin murɗawa na tsakiya, sa'an nan a rufe hagu a daidaita idon dama da zoben kaɗai, domin da wuya a sami mutumin da idanunsa biyu ƙarfinsu ɗaya.

Wanda ya sami hali ya nemi wanda aka toshe aka cika da iskar naitirojin, ba don ruwa kaɗai ba, don ƙurar hunturu wadda take shiga inda ruwa ba ya shiga. Ƙurar nan kuwa yashi ce mai laushi, saboda haka goge gilashi da bakin riga ko gefen rawani, wanda shi ne abin da hannu yake fara yi, kankare shafin yake yi a hankali. A fara hurewa, a share da gashin kaza mai tsabta, sa'an nan a sa ƙyalle mai taushi. Kada a bar shi a cikin mota da rana, kada kuma a kulle shi a jaka yana da danshi. Tun da nagari yana da tsada ga mutum ɗaya, ban ga aibi ba idan jama'ar masallacin Juma'a suka haɗa kuɗi suka sayi 7x50 ko 10x50 guda ɗaya mai kyau, na kamfanin da aka sani irin Nikon, aka ajiye shi wurin liman ko dagaci, maimakon a tara guda biyar na roba waɗanda babu mai nuna kome bayan Magariba.

Saura magana ɗaya da ba ta cikin takardar kamfani. Ƙasar Gwarzo tana iyaka da Jihar Katsina, kuma a shekarun nan da sha'anin tsaro ya sa kowane ƙauye yake lura da baƙon fuska, mutumin da aka gani a bayan gari yana leƙen dawa da madubi zai sha tambaya, wataƙila ma fiye da tambaya. Baƙon da ya zo kallon tsuntsaye ko duban wata ya fara isa ƙofar dagaci ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo ni," ya nemi a haɗa shi da ɗan gari. Ɗan garin ma akwai haddi a kansa, domin katanga da zaure an yi su ne gwargwadon idon mai tafiya a ƙasa, shari'a kuwa ta hana leƙen gidan mutane da bin diddigin al'aurarsu, kuma hanin bai faɗi ba don an sa gilashi a tsakani. Wanda zai hau soro ko tudu da madubi ya zaɓi wurin da gari yake bayansa, gonaki da sararin yamma suke gabansa, ya kuma sanar da maƙwabta tun da sauran rana.